Spider-Man da katunansa: me ya sa ake biyan maƙudan kuɗi a kan guntun kwali?

Ɗan'uwa, na karanta saƙonka. Ka ce yayanka da ya yi zama a Amurka ya bar maka wani kwali cike da katunan Spider-Man, galibinsu da shekarun 1990 zuwa 1995 a rubuce a bayansu, sai ga shi ka ji labarin an sayar da kati guda na wannan jarumi a kan kuɗin da zai sayi gida har a yi canji. Kana tambayar wane ne Spider-Man tun asali, me ya sa manya masu hankali suke zuba kuɗi a kan guntun kwali, kuma ko abin da ke hannunka dukiya ce.

Bari in fara da ta ƙarshen don hankalinka ya kwanta. Mafi yawan katunan waɗannan shekaru ba su da tsada, da yawansu ko dala ɗaya ba sa kaiwa. Akwai 'yan ƙalilan da za su iya kawo kuɗi mai ɗan kauri, amma sai sun cika sharuɗɗa masu wuya. Dalilin haka yana cikin tarihin jarumin da na kamfanin da ya ƙirƙiro shi, don haka sai ka yi haƙuri mu bi ta can.

A shekarar 1962 kamfanin Marvel da ke birnin New York yana da wata mujallar labaran zane da kasuwarta ta mutu, sunanta Amazing Fantasy. A fitowarta ta 15, mai ɗauke da watan Agusta, wadda daga ita aka rufe mujallar, aka saka wani labari mai shafi 11 da Stan Lee ya tsara, Steve Ditko ya zana. Jack Kirby ne ya zana bangon. Farashinta santi 12 (santi 100 ne dala ɗaya). Stan Lee ya sha ba da labarin cewa mai kamfanin, Martin Goodman, bai so abin ba, don a ganinsa mutane suna ƙyamar gizo-gizo, kuma yaro ɗan makaranta iyakarsa rakiyar jarumi. Da alƙaluman ciniki suka dawo aka ga an yi rububin wannan fitowa, sai a watan Maris na 1963 aka buɗe wa yaron tasa mujallar, The Amazing Spider-Man.

Peter Parker maraya ne, yana zaune a yankin Queens wurin baffansa Ben da matar baffan, May. Siririn yaro ne mai tabarau, gwanin kimiyya, 'yan ajinsu sun mayar da shi abin dariya. Ya je kallon wani baje kolin kimiyya, gizo-gizon da hasken nukiliya ya ratsa ya cije shi, sai ya sami ƙarfi da iya hawa bango da jin haɗari kafin ya iso. Abin da ya fara yi da wannan baiwa shi ne neman kuɗi. Ya shiga filin kokawa, daga nan aka ɗauke shi wasa a talabijin. Wata rana bayan ya gama wasa, ɓarawo ya wuce ta gabansa a guje, jami'in tsaro na biye yana ihu a tare shi. Peter ko ƙafa bai miƙa ba, ya ce ba aikinsa ba ne. Ba a daɗe ba ɓarawo ya shiga gidansu ya harbe Baffa Ben. Peter ya bi sawu har wani tsohon sito, ya damƙe mutumin, ya duba fuskarsa, sai ya ga shi ne wanda ya bari ya wuce. A hoton ƙarshe yana tafiya shi kaɗai cikin duhu, mai ba da labari kuma yana cewa wanda aka ba ƙarfi mai yawa, nauyi mai yawa ya hau kansa.

Duk abin da ya biyo baya a cikin shekaru sittin da ɗoriya a kan wannan shafi 11 aka gina shi. Jaruman da suka riga shi ba su san talauci ba. Superman, wanda ya fito a 1938, daga wata duniyar ya zo, harsashi ba ya huda shi. Batman, na 1939, attajiri ne mai gida da bara. Shi kuwa Peter, tun a fitowar farko ta mujallarsa kuɗin haya ya sa gidansu a gaba. An biya shi ladan wasa da caki mai sunan Spider-Man, ya kai banki, ma'aikacin ya ce sai ya kawo shaidar cewa sunansa ke nan, ya fito hannu rabbana. Ya je neman shiga ƙungiyar jaruman Fantastic Four, da ya ji ba sa biyan albashi ya juya. Daga baya ya koma ɗaukar hoton kansa yana faɗa da miyagu, yana sayar wa jaridar Daily Bugle, wadda mai ita, J. Jonah Jameson, kullum sai ya buga cewa Spider-Man annoba ne ga gari. Wato da hannunsa yake kai wa mai zaginsa kayan aiki, don ya sami na sayen maganin Gwaggo May.

In kana son ganin inda Ditko ya kai maƙura, nemi fitowa ta 33, ta farkon 1966. Wasu manyan ƙarafa sun danne Peter a wani gini da ke ƙarƙashin ruwa, ruwa na tsiyaya a kansa, maganin da zai ceci May yana can gabansa kaɗan hannunsa bai kai ba. Ditko ya ɗauki shafuka yana nuna shi yana yunƙuri, yana karaya, yana tuna baffansa, hotunan suna ƙara girma daga shafi zuwa shafi, har ya cika shafi guda da hoton ɗaga ƙarfen. A ganina ba a yi abin da ya fi wannan ba a duk tarihin jarumin. Ditko ya bar aikin bayan fitowa ta 38, John Romita ya karɓa, ya gyara fuskokin mutanen, ya ƙara wa labarin soyayya, kuma shi ya fara nuna fuskar Mary Jane Watson a fitowa ta 42.

A 1971 wata ma'aikatar gwamnatin Amurka mai kula da lafiya ta roƙi Stan Lee ya yi labari kan illar ƙwaya. Hukumar da kamfanonin suka kafa don tace mujallu ta ƙi sa hatiminta, saboda labarin ya nuna shan ƙwaya, ko da yake don gargaɗi ne. Marvel ta buga fitowa ta 96 zuwa 98 ba hatimin, aka saya, hukumar ta sassauta dokokinta. A 1973, a fitowa ta 121, marubuci Gerry Conway ya kashe budurwar Peter, Gwen Stacy, a hannun mugun nan abokin gabarsa Green Goblin, a lokacin da masu karatu suka saba jarumi yana isowa kafin a makara. A 1984 aka sa masa baƙaƙen kaya, waɗanda daga baya aka gane wata halitta ce mai rai, ta rabu da shi ta manne wa wani, aka sami sabon mugu mai suna Venom, wanda ya bayyana sosai a fitowa ta 300 a 1988 da zanen Todd McFarlane. A 2011 Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka kawo Miles Morales, yaro ɗan Brooklyn, ubansa baƙar fata, uwarsa 'yar asalin Puerto Rico, shi ma ya sa kayan. Fim ɗin zane da aka yi a kansa a 2018 ya ci kyautar Oscar.

Na jero maka waɗannan ne saboda kowane ɗayansu ya zama kati, kuma mai tara kati abin da ya faru a labarin yake saye. Hoton mutum cikin baƙaƙen kaya ba ya nufin komai ga wanda bai san 1984 ba. Akwai kuma wani abu a zanen Ditko da ya yi wa masu buga kati rana. Ya rufe fuskar jarumin gaba ɗaya, ba baki, ba haɓa, ba launin fata, sai manyan fararen idanu biyu. Kowane yaro a kowace ƙasa zai iya cewa shi ne a ciki, shi ya sa za ka ga hotonsa a jakar makarantar yara a Kano kamar yadda ake gani a Tokyo. Ja da shuɗi da layukan saƙa suna fitowa ras a kan kati mai faɗin inci biyu da rabi da tsawon inci uku da rabi, kuma jikinsa na lanƙwasuwa yadda mai zane zai cika ɗan wannan fili da motsi.

Katin tarawa ya girmi Spider-Man nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1880 kamfanonin taba a Amurka suke saka ɗan kwali mai hoto a cikin kwalin sigari, daga baya masu cingam suka karɓi sana'ar, irin dai yadda aka riƙa samun hotunan 'yan ƙwallo a cikin takardar cingam a wajenmu. A 1940 kamfanin Gum Inc. ya fitar da katunan Superman guda 72. A 1966 kamfanin Topps ya ci kasuwa da katunan Batman, a wannan shekarar kuma kamfanin Donruss ya buga jerin kati 66 na jaruman Marvel shida, kowanne da 11: Captain America, Iron Man, Daredevil, Spider-Man, Hulk da Thor. An ɗebo hotunan daga mujallu aka sa musu kalaman ban dariya, bayan katunan kuma idan aka jera su sai su haɗa babban hoto guda. Waɗannan su ne da yawa daga masu tarawa ke ɗauka a matsayin katunan farko na Spider-Man. Yara ne suka saye su, suka cusa a aljihu, suka ɗaure da roba, iyaye mata suka share suka zubar. Injin yankan ma bai cika daidaita hoton a tsakiya ba. Saboda haka samun guda mai lafiya yau abu ne mai wuya, kuma wannan ƙarancin ba wanda ya shirya shi.

Daraja a wannan kasuwa tana tsayuwa ne inda abubuwa biyu suka haɗu: mutane da yawa suna son abin, kuma abin ba shi da yawa. Mujallar nan ta santi 12 ita ce babban misali. A watan Satumba na 2021 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da kwafi guda na Amazing Fantasy ta 15, wanda aka ba maki 9.6 cikin 10, a kan dala miliyan 3.6. A watan Janairu na 2022 kuma aka sayar da shafi ɗaya na zanen hannu na Mike Zeck, daga mujallar Secret Wars ta 8, inda aka nuna yadda Peter ya sami baƙaƙen kayan, a kan dala miliyan 3.36.

Yanzu mu zo kan kwalinka. A 1990 kamfanin Impel ya fitar da jerin Marvel Universe: kati 162, kowane fakiti 12, kowane kwali fakiti 36. A bayan katin kowane jarumi an rubuta sunansa na gaskiya, tsawonsa, nauyinsa, inda ya fara fitowa, da adadin faɗan da ya yi, nawa ya ci, nawa aka cinye shi. A jeri na biyu, na 1991, aka koma auna ƙarfi da sauri da basira da ma'auni. Wannan ya ba yara abin gardama a filin makaranta, kuma da yawansu ta katin suka san jaruman kafin su taɓa buɗe mujalla. A jerin 1990 an ɓoye wasu katuna biyar masu hoton hologiram, irin wanda ke motsi idan ka karkata shi, ba a kowane fakiti ake samu ba. Biyu daga cikin biyar ɗin na Spider-Man ne, ɗaya shi kaɗai, ɗaya yana faɗa da Green Goblin. Kati na 161 a wannan jerin kuma hoton Stan Lee ne da kansa.

A 1992 Impel ya sauya suna zuwa SkyBox, ya fitar da Marvel Masterpieces, jerin kati 100 da Joe Jusko ya zana da fenti da buroshi cikin 'yan watanni. Wanda bai taɓa riƙe ɗaya ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa ake yabonsa. Jaruman da aka saba gani da layin tawada da launi huɗu sai ga su da tsoka da inuwa da haske kamar hoton mutum. Bayansa aka yi na 'yan'uwan nan Greg da Tim Hildebrandt a 1994, da na Boris Vallejo da Julie Bell a 1996. Wani kamfanin kati, Fleer, ya yi jeri na Spider-Man zalla a 1994 da zanen Mark Bagley, ya sake yin wani a 1995.

Kyawunsu ba gardama. Matsalar yawansu ne. A jikin kwalayen Masterpieces na 1992 an rubuta cewa 350,000 aka buga, kowane kwali fakiti 36, kowane fakiti kati 6. In ka lissafa, kati ya haura miliyan 75, wato kowane hoto akwai shi wajen kwafi 750,000. Kuma wannan shi ne wanda aka tallata a matsayin mai iyaka. Ga shi a lokacin mutane sun riga sun ji labarin tsofaffin mujallu da katunan 'yan wasa da suka yi tsada, don haka kowa ya sayi nasa ya sa a leda ya adana yana jiran ranar arziki. Abin da kowa ya adana kuwa ba zai yi ƙaranci ba.

Haka aka yi a ɓangaren mujallu. Fitowar farko ta sabuwar mujallar Spider-Man ta McFarlane a 1990 ta sayar da kwafi kusan miliyan biyu da rabi. A 1991 aka rufe fitowar farko ta mujallar X-Force a leda da kati ɗaya cikin biyar, don mai tarawa ya sayi biyar, ko ma shida in yana son buɗe ɗaya ya karanta. X-Men ta farko ta Jim Lee, a wannan shekarar, ta wuce miliyan takwas. Attajiri Ronald Perelman, wanda ya sayi Marvel a 1989, ya ga kuɗi na shigowa, sai ya sayi Fleer a 1992, kamfanin sitika na Panini da ke Italiya a 1994, SkyBox a 1995, bashi kuma na ta taruwa. Masu saye don riba suka farga cewa ba mai sayen abin da suka tara, suka janye. Yajin aikin 'yan wasan besbol na 1994 ya karya kasuwar katunan wasanni. Shagunan mujallu da dama suka rufe. A watan Disamba na 1996 Marvel ta je kotu neman kariya daga masu binta bashi. An sayar da Fleer da SkyBox a 1999 da mummunar asara, Fleer ya rufe a 2005, wani kamfanin kati, Upper Deck, ya sayi sunan. A nan ne za ka gane abin da ya sa Masterpieces na 1996 ya fi na 1992 tsada sosai: ya fito ne lokacin da kasuwa ta mutu, aka buga kaɗan.

Finafinai ne suka farfaɗo da sunan Marvel, ciki har da fim ɗin Spider-Man na darakta Sam Raimi a 2002, har Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan huɗu. Masu buga kati kuma sun ɗauki darasi. Yanzu tun daga ɗakin bugu ake ƙayyade yawa, a buga lamba a jikin katin, ka ga an rubuta 7/10, wato na bakwai cikin goma da ke duniya. Akwai masu sa hannun mai zane ko ɗan fim, akwai kuma waɗanda mai zane ya zana da hannunsa a kan katin, guda ɗaya tak. Labarin da ka ji ina kyautata zaton na irin waɗannan ne. A 2013 Upper Deck ya fitar da jerin Fleer Retro na Marvel, ya sa wasu katuna masu ƙyalli da ake kira Precious Metal Gems, salon da aka aro daga katunan ƙwallon kwando na 1997. Ja an buga 100, shuɗi 50, kore 10 kacal. Koren Spider-Man ya haura dala 100,000 a gwanjo a 2022. Ni dai ina ganin ƙarancin 1966 ya fi wannan tushe, domin wancan zamani ne ya cinye katunan, wannan kuwa kamfani ne ya yanke adadin, kuma gobe yana iya fito da wani launin mai guda biyar. Amma kasuwa ta karɓe shi, kuma launin yana saurin ɓarewa a gefe, don haka samun mai lafiya a cikin goman ma aiki ne.

Wannan ya kawo mu ga tantancewa, wadda ita ce ƙashin bayan farashi a yau. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: PSA, wanda aka kafa a 1991, da Beckett, da SGC, da CGC wanda ya fara da mujallu a shekarar 2000. Za ka aika musu kati, su tabbatar ba jabu ba ne, su bincike shi kamar yadda dillali ke buɗe bakin rago ya duba haƙora, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin gidan roba mai tauri da lamba a goshi. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton yana tsakiya, ko kusurwoyi huɗun suna da kaifi, ko gefuna sun ɓare, da ko fuskar katin ta karce. Ɗauki ɗaya daga naka ka kai shi bakin taga. Dubi farin da ya kewaye hoton, ko na dama ya fi na hagu faɗi. Dubi kusurwa, ko ta yi laushi har farin kwalin ciki ya leƙo. Karkata shi hasken ya kwanta a kansa, za ka ga ƙananan layukan da ba ka gani da farko ba. Kowane ɗaya daga waɗannan yana sauke maki, kuma tsakanin 9 da 10 farashi kan ninka sau da yawa. Kamfanonin suna wallafa adadin kwafin da suka ba kowane maki, mai saye na dubawa kafin ya taya. Ta haka ne katin da aka buga dubban ɗaruruwa zai iya yin tsada, in masu maki 10 a cikinsa kaɗan ne.

Lokacin kullen korona, a 2020 da 2021, abin ya haukace. Yaran 1990 sun zama magidanta masu albashi, suna zaune a gida, suka buɗe tsofaffin kwalaye, suka shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Stan Lee da Steve Ditko duk sun rasu a 2018, abin da ya ƙara wa kati na 161 farin jini. Katuna suka yi wa PSA yawa har a ƙarshen Maris na 2021 ya dakatar da karɓar mafi yawan aiki. A Disamba na wannan shekarar fim ɗin Spider-Man mai suna No Way Home ya fito ya tara kusan dala biliyan 1.9. Daga nan mutane suka yi ta aika katunan 1990 a tantance, masu maki 10 suka ƙaru, farashin da yawansu ya faɗo ƙasa da rabin inda ya kai. Wanda ya saya a tsakiyar zazzaɓin ya ji jiki. Don haka duk farashin da ka gani a labari, duba shekararsa tukuna.

In ka tambayi masu tarawa na gaskiya, kuɗin ba shi ne farkon abin da za su ambata ba. Wani so yake ya cika jerin da ya kasa cikawa yana ɗan shekara goma, saboda kuɗin tararsa bai kai ba. Wani zanen Jusko yake so, kuma kati ne kaɗai hanyar da zai mallake shi. Wani jarumi ɗaya yake bi, duk inda Spider-Man ya fito sai ya nemo. Waɗannan su ne ke riƙe kasuwar idan 'yan neman riba suka watse, kuma yawansu a kan Spider-Man ya sa katinsa ya fi na yawancin jaruman Marvel riƙe daraja.

To, me za ka yi da naka? Kada ka goge su da tsumma ko ruwa, kada ka ɗaure su da roba, kada kuma ka kai a yi musu laminatin, domin katin da aka liƙe da leda mai zafi ya tashi daga kasuwa har abada. Riƙe su ta gefe da hannu mai tsabta. Yanayinmu yana da wuya ga kwali: zafi da laimar damina suna sa katuna masu sheƙi, musamman na 1994 da 1995, su manne da juna, in ka ɓamɓare da ƙarfi fentin ya tashi. Ƙurar hunturu kuma tana karce fuska. Sa kowane mai muhimmanci a 'yar leda mai laushi ta kati, sannan a gidan roba, ka ajiye a akwati mai murfi nesa da rana da bangon da ke jiƙa, ka jefa irin 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Bayan haka ka ware. Juya bayan kowane kati ka karanta ƙananan rubutun ƙasa, akwai shekara da sunan kamfani. Fitar da masu hologiram, masu ƙyalli, masu lambar da ta bambanta da ta sauran jerin, da Stan Lee in yana ciki. Duba ko kana da cikakken jeri, don jeri cikakke ya fi saurin samun mai saye. Idan za ka duba farashi a eBay, nemi abin da aka riga aka sayar, domin kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama a kan kayansa. Kafin ka yi tunanin aika kati a tantance, lissafa kuɗin aikin da na jigila zuwa da dawowa da inshora, duk da dala, ka kwatanta da abin da katin zai kawo in ya sami 8 ko 9, saboda katin da ya yi shekara talatin a kwali da wuya ya sami 10. A mafi yawan lokuta lissafin ba ya fita. Ka tuna kuma masu sayen suna Amurka da Turai da Asiya, a nan gida da wuya ka sami wanda zai taya.

In kuma abin ya shiga ranka har kana son ƙarawa, shawarata ka sayi katin da ka gani da idonka, ka san shi, ka san farashinsa. Sayen rufaffen fakiti da fatan a dace da mai tsada, ko biyan kuɗi a intanet don a buɗe kwali a raba da ƙuri'a, ya yi kusa da caca ƙwarai, kuma kamfani ya riga ya yi lissafin da zai sa mafi yawan masu saye su fita da abin da bai kai kuɗinsu ba. Wanda yake da damuwa ta addini a kan wannan, ko a kan ajiye hotuna, ya tambayi malaminsa kafin ya sa kuɗi. Jabu ma ya yi yawa, har gidan robar tantancewa ana kwaikwayo, don haka ka shigar da lambar da ke goshin a shafin kamfanin ka ga ko hoton da bayanin sun dace da abin da ake nuna maka.

Idan ka gama warewa, ɗauki hoton gaba da bayan waɗanda ka fitar, a kan baƙin ƙyalle, cikin hasken rana ba da fitilar waya ba, yadda kusurwoyin za su fito sosai. Turo mini su tare da shekarun da ka gani, in gaya maka wane jeri ne kowanne da wanda ya cancanci a kashe masa kuɗin tantancewa.